Kofin Ƙarin Jinin da Na Haɗa wa Rifkatu

A duk faɗin New York, daga Bronx har inda layin dogo ya ƙare a bakin teku, ba a taɓa yin mijin da ya iya rainon ciki kamar ni Bulus ba. Akwai shaidu. Ranar da matata Rifkatu ta fito daga banɗaki riƙe da ɗan tsinken gwajin nan, layi biyu a jikinsa, bayan shekara goma sha ɗaya da aure da ɓari biyu, a ranar na sauke ta daga duk wani muƙami na gidan. Na karɓi tsintsiya, na karɓi wanki, na karɓi muciya. Tuwon da na fara tuƙawa, da an jefi mutum da shi sai an kwantar da shi, amma dai na tuƙa. A hawa na biyar muke a Morris Heights, lif ɗin gidan kuwa sai ranar da ya ga dama yake aiki, don haka na ce zan riƙa goya ta. Ta ce in na faɗi da ita a matakala wa zan ba labari.

Ga shi kuma ina ganin kaina masani a harkar lafiya. Shekara tara ina tuƙa motar da ke kai tsofaffi asibiti, masu wankin ƙoda, masu gashin ƙashi, masu awon ido. Babu ƙofar asibitin da ban san mai gadinta ba. A cocinmu har Dokta suke ce mini, ni kuwa in amsa ba kunya.

Abin da Doktan nan ya yi wa 'yarsa tun tana ciki, shi na zauna in rubuta. Sunanta Godiya, kuma har yau muna jinyar abin.

A sati na goma sha biyu aka ce jinin Rifkatu ya yi ƙasa. Aka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. In ta sha da safe kafin azahar ta amar, wanda ya zauna kuma ya ɗaure mata ciki. Idonta ya yi fari, ta rame har zoben aurenmu yana yawo a yatsarta. Wata rana jiri ya ɗebe ta a tashar jirgin ƙasa mai lamba huɗu, wata baiwar Allah ta riƙe ta. Da na ji haka ban koma wurin likita ba. Mama na kira.

Mahaifiyata tana ƙauyenmu kusa da Zonkwa. Ita ce ungozomar unguwa, ita ce kuma mai burkutu, giyar dawar nan tamu. Babanmu dattijon coci ne, ya yi shekara arba'in yana wucewa ta gefen tukwanen yana kallon sama kamar mai duban hadari. Har yanzu in na rufe ido ina jin ƙamshin tsiron dawa da aka shanya a kan dutse, da hayaƙin itace, da muryar Mama tana korar awaki. Ranar kasuwa mata kan cika gindin mangwaron gidanmu, kowace da ƙwaryarta, masu goyo da masu ciki da tsofaffi, ana dariya har da ƙwalla. Ban taɓa jin wani ya kira wannan shaye-shaye ba. Abinci ne, ƙarfin noma ne. A cikin wannan na tashi, kuma ba zan yi ƙarya in ce ba na kewarsa ba.

Na gaya wa Mama halin da ake ciki.

Ta ce, "Jini ne ya yi ƙasa kake mini wannan kuka? Na ɗauka ce maka aka yi ta mutu. Akwai baƙar giya a ƙasar taku?"

"Sitawut? Mama, a nan har kala bakwai."

"To ka sami ƙaramar kwalba ka juye a kofi, ka zuba madarar gwangwani, in tana so ka fasa ƙwai. Kullum bayan tuwo. Sati biyu za ka ga kumatu. Da shi na raini cikin ƙanwarka, ga ta nan ko ƙofa ba ta shiga sai ta karkace."

Rifkatu 'yar fasto ce, ita ke ba da waƙa a zumuntar mata, giya ba ta taɓa shiga bakinta ba. Da na ajiye mata kofin ta sunsuna ta ture.

"Maigida, wannan fa giya ce."

Na ce, "Giya ita ce wadda ake sha a mashaya ana tangaɗi. Wannan magani ne. Kuma ai madara tana kashe ƙarfinta."

Wannan zancen na madara a nan take na ƙirƙire shi, babu inda na taɓa ji. Amma na faɗa da muryar Dokta, ita kuwa tana son cikin nan fiye da ranta. Ta toshe hanci ta shanye.

Abin da ya ƙara ruɗa mu, sai muka ga kamar yana aiki. Laulayin ya lafa, lokacinsa ne ma ya yi, amma ni na ce kofina ne. Ta fara cin abinci, tana barci, kumatun da Mama ta yi alkawari suka fito. Na shiga coci ina bugun ƙirji, har maza biyu suka ja ni gefe suka karɓi yadda ake haɗawa. Ranar Lahadi kuwa, don murna, nakan ƙara mata kofi na biyu.

Duk zuwa awo sai ma'aikaciyar jinya ta karanto tambayoyinta tana kallon kwamfuta. Kina shan taba? A'a. Kina shan giya? Rifkatu ta ce, "Allah ya kiyaye." Ba ƙarya take yi ba, a zuciyarta gaskiya ta faɗa. Ina gefe ina gyaɗa kai kamar lauya.

Watannin nan su ne mafi daɗi a aurenmu, wannan shi ne abin da ya fi yi mini ciwo. Da yamma in na dawo aiki sai mu buɗe taga, jirgi ya wuce gidan ya girgiza, ta miƙo ƙafafunta da suka kumbura in riƙa matsa mata, waƙoƙin coci na Hausa suna tashi a waya. Muna gardamar suna. Ni na ce in namiji ne Nebukadnezzar, don a ji tsoronsa a makaranta. Ta ce sai dai in haife shi da kaina. Kofin yana kan tebur a tsakaninmu. Ina kewar yammacin nan, ina kuma so in koma in kifar da teburin.

Mutum ɗaya ya yi ƙoƙarin tsayar da ni. Maƙwabciyarmu Hajiya Azumi, 'yar Zangon Kumasi, mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Ranar fitar da shara ta gan ni da leda cike da kwalabe suna ƙara.

"Kai Bulus, yaushe ka zama haka?"

Na yi dariya na ce ai na madam ne, ƙarin jini.

Ta tsaya cak. "Mai ciki? Ka tambayi likita kuwa?"

Na ce, "Hajiya, ku addini ya hana ku, shi ya sa ba ku san amfaninsa ba."

Ta dube ni, ta ce Allah ya raba lafiya, ta shige. Na rufe bakin mai gaskiya da zancen addini, har ina jin daɗin na iya magana.

A sati na ashirin da tara aka yi hoton ciki. Yarinyar da ke ɗauka ta saba da barkwancina, amma ranar ba ta yi dariya ba. Ta auna kan jaririyar, ta goge, ta sake aunawa, ta sake. Sannan ta fita ta dawo da likita, wata 'yar guntuwar mace mai furfura. Likitar ta ce jaririyar ba ta kai girman da ya kamata ba, musamman kanta. Ta jawo kujera ta zauna gaban Rifkatu ta ce ta lissafa mata duk abin da ke shiga bakinta daga tashi barci zuwa kwanciya, kome ƙanƙantarsa.

Rifkatu ta fara: shayi, burodi, ƙwai. Ni kuwa na ga an zo fagena. Na katse ta na ce, "Likita, bari in gaya miki sirrin." Na zayyana mata haɗin nan tiryan-tiryan, har da nuna yadda ake karkata kofi don kada kumfa ta yi yawa. Ina jira ta yaba mini.

Ta ajiye biro.

"Tun yaushe?"

Na ce wata huɗu ke nan.

"Kullum?"

Na ce ban taɓa fashi ba. Da alfahari na faɗa, jama'a.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. A hankali ta ce duk abin da uwa ta sha yana bi ta cibiya ya isa ga ɗan, shi kuwa jikinsa bai yi ƙwarin da zai tace ba, kuma ƙwaƙwalwarsa ce ake ginawa a lokacin. Ta ce babu wani adadi da aka san ba ya cutarwa, babu kuma watan da za a ce an tsira. Na ce to madarar fa? Ta ce madara madara ce, giya giya ce, sun dai shiga kofi ɗaya. Sannan ta faɗi abin da na riƙe har yau: "Ku daina yau. Kowace ranar da ta rage, tata ce."

A jirgi Rifkatu ta juya tana kallon taga. Ni da ban taɓa yin tasha biyu bakina a rufe ba, na yi tara. Da muka isa gida ta buɗe firiji ta ɗauko kwalba ɗaya ta juya bayanta ta miƙo mini. Akwai gargaɗi a rubuce da ƙananan haruffa, kuma abu na farko a cikinsa a kan mata masu ciki ne. Wata huɗu ina buɗe kwalaben nan, hannuna a kan rubutun.

Na durƙusa na ce laifina ne. Ta ce, "Tashi. Ni ma na iya karatu." Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Kwana biyar gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Daga sati na talatin muka koma 'yan asibiti, sau biyu a mako. A ɗaura mata bel a ciki, mu zauna muna sauraron bugun zuciyar jaririyar kamar gudun ƙaramin doki. Layi kuwa, in an ba ka ƙarfe tara ka shirya ganin likita da rana tsaka. Na rasa ranakun aiki ba adadi, wasiƙun inshora suka cika akwatinmu da Turancin da ko wanda ya rubuta bai gane ba. Aka turo wata jami'ar walwala ta ware Rifkatu a wani ɗaki tana tambayarta ko tilasta mata nake yi, ko ina dukanta. Ni ina waje gumi ya jiƙa mini riga, don mun sha jin labarin ana ƙwace yara a ƙasar nan. Ba a ƙwace ba. Matar ta fito ta dube ni kamar tana son yin dariya tana kuma son marina.

Ina da ƙorafi, zan faɗa. Sau nawa muka je awo ana jefo mana tambaya ɗaya ido a kan kwamfuta? Da wani ya taɓa cewa, "Me kike sha na gargajiya don ƙarin jini?" da tun a wata na huɗu na tona kaina, tunda ba na iya riƙe sirri. Amma ina da godiya da ta fi ƙorafin yawa, ga likitar nan mai furfura da ta jawo kujera.

An haifi Godiya a sati na talatin da biyar. Kazar Kirsimeti ta fi ta nauyi. Aka sa ta a akwatin gilashin nan na bakwaini, wayoyi ko'ina. Ba ta iya tsotso ba, sai ta ɗan siririn tiyo a hanci ake ba ta nono. Ƙara kaɗan sai ta zabura ta yi ta karkarwa, don haka aka ce in rage murya. Ni! Sati uku da kwana huɗu ina raɗa. Satin farko muna ƙirga numfashi. Na biyu ta fara kama kan nono ta saki. Na uku ta sha da kanta har ta yi gyatsa, wata ma'aikaciya 'yar Jamaika ta rungume ni muka yi rawa ba kiɗa.

Matan zumunta suka raba kwanaki suna kawo abinci. Hajiya Azumi kuwa kullum da kular shinkafa da wake irin na Gana, ta ajiye ta yi wa jaririyar addu'a irin tasu ta tafi. Ko sau ɗaya ba ta tuna mini da ranar shara ba. Shawarwari daga gida kuma suka yi ta sauka: a shafa mata man zaitun da aka yi wa addu'a, a lasa mata zuma, a kai ta wurin wani mai wahayi a Flatbush. Wani kawuna ya bugo musamman ya ce in nono bai kawo ba a ba mai jego sitawut. Saura kaɗan wayata ta sauka daga hawa na biyar.

Kiran da ya fi wuya shi ne na Mama. Da na gaya mata abin da likita ta ce, ta hau faɗa.

"Turawa me suka sani? Ku bakwai na haifa, wanne ne ba ya tafiya da ƙafarsa? 'Ya'yan da na karɓa a garin nan ba su ƙirguwa."

Na ce, "Mama, kin tuna Ayuba na gidan Ladi?"

Ayuba sa'ana ne. Uwarsa ba ta fashin gindin mangwaro. Ɗan ƙaramin kai gare shi, ya yi aji ɗaya sau huɗu, in an aike shi sai ya manta a hanya. Aka ce iskokin rafi ne suka taɓa shi. Mu yara muna tsokanarsa, ni ne ma shugaban masu tsokanar. Ban san tabbas abin da ya same shi ba, babu wanda ya taɓa auna shi. Amma tun da na ga 'yata a gilashi fuskarsa ta ƙi barina.

Mama ta daina faɗan. Sai ta ce, "Ka gaishe da Rifkatu." Ba ta ƙara tayar da zancen ba har ta rasu. A waya kawai ta ga Godiya. Bayan jana'iza ƙanwata ta gaya mini cewa a shekarunta na ƙarshe, in mai ciki ta miƙo ƙwarya sai Mama ta zuba mata kunu, in ta yi gardama ta kore ta da muciya, ba ta kuma taɓa faɗin dalili ba.

Da muka dawo gida na ɗauka an gama. Ashe farawa aka yi. Godiya ta makara a zama, ta makara a tafiya. Shekara biyu ba kalma ko ɗaya. Yaran coci sa'o'inta suna ta zuba Turanci, ita sai dai ta ja hannunka ta nuna. Kowace Lahadi Rifkatu ta dawo ta shiga banɗaki ta kunna famfo don kada in ji kukanta. Aka yi ta gwaje-gwaje, a ƙarshe aka ba abin suna mai haruffa huɗu na Turanci. Likitan yara ya ce ba zai iya auna ko nawa ne daga kofin nan ba, amma labarinmu da abin da yake gani sun nuna wuri ɗaya. Ya ce ba ciwon da ake warkewa ba ne, raino ne na tsawon rai, kuma da wuri aka fara ya fi. Na tambaye shi ko za ta yi magana. Ya ce ba zai yi mini alkawari ba.

Aka turo mai koyar da magana tana zuwa gida sau biyu a mako. Ta ce mu riƙa yi wa yarinyar magana ba ƙaƙƙautawa, mu ambaci sunan duk abin da muka taɓa. A duk jinyar nan wannan ne kaɗai maganin da aka halicce ni dominsa. Na fara. Wannan cokali ne. Wannan jirgi ne. Wannan babanki ne, wanda ya fi kowa kyau a Bronx. Na ba ta labarin ƙauyenmu gida-gida, da awakin Mama da sunayensu, da ranar da na kori kura da takalmi. A shekara uku ta ce "ruwa". A huɗu tana haɗa kalma biyu, yawanci da Turanci. Jimla dai ta ƙi zuwa.

Maza biyun nan da suka karɓi haɗina, na bi su har gida na janye. Ɗaya matarsa ta riga ta ƙi sha tun farko, ta ce ba ta yarda da likitan da ke tuƙa mota ba. Ɗayan sun yi kwana goma suna yi, suka daina, suka gaya wa likitarsu.

Ke mai ciki, ko mai neman ciki, ba na cewa uwarki ko surukarki mugaye ne. Tawa ta fi kowa ƙaunata. Amma in abu yana da giya a ciki, ko da madara aka haɗa, ko jiƙon saiwa ne a ogogoro, ko ruwan inabin da aka ce na ƙarin ƙarfi ne, ko burkutun gida, ki bar shi. In kin riga kin sha, kada kunya ta rufe miki baki, ki faɗa wa likita yau. Kai kuma maigida, ka juya kwalba ka karanta.

Bara zumuntar mata suka ce in zo in faɗi wannan a taronsu, minti goma. Na rubuta shafi goma sha huɗu. Ranar Asabar da safe na tsaya a kicin ina gwaji, Rifkatu tana soya ƙosai, Godiya tana kan tebur tana fenti, shekararta biyar da rabi. Na fi minti arba'in ina zuba, na daki tebur, na kai wurin da nake sa ran mata za su fashe da kuka. Sai Godiya ta ajiye kalarta ta ɗago kai ta dube ni.

Jimlar da muka yi shekaru muna roƙon Ubangiji ita ce ta fito, cikakkiya, da Hausa, da irin muryar uwarta sak. Rifkatu ta saki matsami a cikin mai, ta zauna a ƙasa tana kuka tana dariya, ƙosai ya ƙone ƙurmus. Ni kuwa takarda a hannu, baki buɗe. Cewa Godiya ta yi:

"Baban Godiya, don Allah ya isa haka, kunnena ya gaji."